Kilinikin da ke kiran mai jego bayan sallama

Akwai wani ƙaramin kilinik mai zaman kansa a nan Damagaram wanda idan ya yi wa mace aikin haihuwa ba ya rabuwa da ita a bakin ƙofa. Yana bin sawunta ta waya har ta cika kwana 30, ya rubuta abin da ya same ta, ƙarshen wata ya haɗa lissafi ya liƙa a bango inda kowa zai gani. A can aka yi wa matar ɗana aiki, ni na yi jinyarta, kuma tun fitowarmu mata ke tsare ni a gidan suna da gidan biki suna tambaya ko wurin ya ci kuɗinsa. Na ga gara in rubuta in huta. Ba zan kama sunan wurin ba, don akwai yabo akwai suka a maganata, ba na so a ce tsohuwa ta karɓi ladan talla ko ta zo ɓata wa wani kasuwa. Wadda ke nemansa da gaske, duk kilinikin da ta shiga ta tambaya ko suna kiran mai jego bayan sallama.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce da ta ajiye aiki. A ENSP, makarantar ma'aikatan lafiya ta nan Damagaram, na yi karatu, na yi yawon CSI, wato ƙananan asibitocin karkara, har na zama majo, shugabar ma'aikatan wuri, don haka in na shiga asibiti idona ba ya tsayawa kan fenti da fankar sama. Na san aikin haihuwa kyauta ne a asibitin gwamnati tun 2005, ni kaina na sha rubuta wa mata takardar turawa can. Amma matar ɗan nawa a wurin likitan kilinikin nan ta yi awon cikinta tun farko, ɗan ya kwanta a gicciye, aka sa ranar aiki, ɗana ya ce a nan za a yi. Aljihunsa ne, ban musa ba.

Ginin ba abin a zo a gani ba ne. Ɗakunan kwanciya ƙanana ne, amma ana share su ana gogewa safe da yamma, kowane gado da gidan sauronsa. Akwai gurup, wato injin ba da wuta, kuma da wuta ta ɗauke yana tashi kafin ka lalubo fitilar waya. Ruwa kuwa, kun san halin garinmu: akwai tanki, amma da yamma banɗakin masu jinya ya kan ƙafe, har sai da na aika aka kira mini ɗan ga-ruwa. Mai jinya ba ta da wurin kwana sai tabarma a baranda, ga sauro. Wannan na ƙarshe ya ɓata mini rai, don wurin da yake karɓar kuɗi haka bai kamata ya rasa ko benci mai katifa ba.

Abin da ya fara jan hankalina wata takarda ce da aka rataye a ƙarshen gado bayan an fito da ita daga ɗakin aiki. Tansiyo, bugun jini, zafin jiki, yawan fitsari, yawan jinin da ke zuba, kowanne da gidansa, kuma an ja jan layi sama da ƙasa. In awo ya tsallake layin, ma'aikaciyar dare ba ta da zaɓi, dole ta tashi likita. Takarda irin wannan ba baƙuwa ba ce a wurina. Abin da na zauna ina fako shi ne ko za a yi awon da gaske ko za a cike gidajen da biro da asuba, don na ga ana yin haka a rayuwata ta aiki fiye da yadda zan so in faɗa. Na yi kamar ina barci a bakin ƙofa. Cikin dare ma'aikaciyar da ke aikin dare ta shigo, ta ɗaura abin awo, ta sa hannu ta taɓa mahaifa ko ta tsuke, ta ɗaga zane ta duba ƙyallen, sannan ta rubuta. Ta sake dawowa kafin kiran salla ta yi haka nan.

Wanda bai yi aikin ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, alhali a nan ake rasa mutane. An yi wani babban bincike a 2016 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da maƙwabtanmu Najeriya da Mali, aka bi sawun mutum 11,422 da aka yi wa tiyata. Sakamakon ya fito a 2018: mutum 239 suka rasu, kuma haɗarin mutuwa bayan aiki ya ninka na sauran duniya sau biyu, duk da majinyatanmu sun fi ƙuruciya. Kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba ranar aikin suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya, inda babu isassun idanun da za su lura jiki ya fara juyawa. Da aka ware matan da aka yi wa aikin haihuwa, sai aka samu wajen mace 5 cikin 1,000 na rasuwa, kusan ninki 50 na ƙasashe masu arziki. Shi ya sa na fi damuwa da ma'aikaciyar dare a kan hannun likitan da kowa ke yabo.

Ranar sallama sashfam, wato ungozomar asibiti, ta zo da wani kati, ban da karne, ɗan littafin awon da muka saba. An rubuta dalilin aikin, wanda ya yi shi, lokacin da aka ba da allurar kashe ƙwayoyin cuta, da yawan jinin da ya zuba. Bayan katin fili ne, an bar shi don abin da zai biyo baya. Ta karɓi lambar waya. Sai ta juyo wurina ta ce, «Inna, wa zai yi mata wankan jego?» Na ce ni. Ta ce, «To ke nake nema, ba ita ba.» Ta zaunar da ni kamar ban taɓa shiga asibiti ba, ta yi mini bayani: kada ruwan zafi da ganye su taɓa ɗinkin, kada a daddanna cikin, a shafe wurin ya bushe, kunun kanwa a yi hankali da shi. Na bar ta ta gama, don na ji daɗin yadda take yi. Bayan nan na tambaye ta abin da ya sa suke tsare tsofaffi. Ta ce da suka fara kiran waya ne suka lura ɗinkin da ke lalacewa yawanci lafiya lau yake barin kilinik, a gida yake ɓaci, kuma mai jego ba ta da bakin hana uwar mijinta ko kakarta abin da suka gada. Faɗa wa yarinya kaɗai bai hana komai ba, sai suka koma kan mai riƙe da tukunyar.

Maganar kanwa ma ta bin sawu aka gano ta. Likitocin Zariya ne a shekarun 1970 suka bi matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka ga alaƙar abin da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta da wankan ruwan zafi. Da kowace aka yi mata magani aka sallame ta aka manta, da ba a haɗa zaren ba.

Ba mu daɗe da komawa gida ba waya ta yi ƙara. Sashfam ɗin ce. «Inna, ina wuni, ya mai jiki?» Na ce da sauƙi, ƴata. Ta ce, «Alhamdu lillahi, ba ni ita.» Na miƙa, na zauna kusa ina ji. Ba ta tsaya kan «ya jiki» ba, don ta san Bahaushe ko yana kan gargara da sauƙi zai ce. Ɗinkin yana fitar da ruwa? Wane launi? Yana wari? Kin ji sanyi ko zazzaɓi da dare? Ƙyalle nawa kika canza tun safe? Kanki yana ciwo, kina ganin duhu-duhu? Akwai ƙafar da ta fi ƴar'uwarta kumburi? Yaron yana kama nono? Yarinyar, wadda ta ce mini lafiyarta ƙalau da safe, sai ga shi tana cewa gefe ɗaya yana ɗan tsatsafo da ruwa yana zafi. Aka ce ta ɗauki hoton wurin ta aika ta WhatsApp. Kafin la'asar aka ce mu zo. Suka warware zare ɗaya, suka wanke, suka rufe, suka ba da magani. Ba su karɓi kuɗin ganin likita ba, maganin dai mu muka saya. Na ga sashfam ta jawo katin ta rubuta a bayansa cewa ɗinki ya kamu. Na ce mata ai ɗan kaɗan ne. Ta ce, «Inna, kaɗan ɗin ma shiga lissafi yake.» Daga ranar na fara ganin girman wurin.

Sun sake kira daga baya, na ƙarshe da ta cika kwana 30. Wannan adadi ba su suka ƙirƙiro shi ba. Ƙa'idar masu lura da cututtukan asibiti ce a duniya cewa ciwon da ya kama wurin yanka cikin kwana 30 na aikin ne, ko da a gida ya bayyana. Mai jegon da aka yi wa aiki kuwa kwana kaɗan take yi a kwance, don haka asibitin da ba ya bin sawu zai rantse ɗinkinsa ba ya lalacewa, kuma bai yi ƙarya ba, bai gani ba ne kawai. Matar tana can ta sayi kafso a tebur, ko ta tafi wani CSI an rubuta ta a matsayin sabuwar majinyaciya.

Na yi shekaru ina cike rapor na wata-wata, kuma kusan duk abin da ke ciki ƙirgen shigowa ne: mutum nawa suka zo, allura nawa aka yi, mace nawa ta haihu. Wani malamin jami'a a Amurka, Avedis Donabedian, ya raba awon ingancin asibiti gida uku tun 1966, wato abin da asibiti yake da shi na gini da kaya da ma'aikata, yadda ake gudanar da aikin, da abin da ya sami majinyaci a ƙarshe. Mu na farko da na biyu muka iya. Na ukun ban koye shi sosai ba sai bayan yunwar 2005, da aikin tamowa ya cika yankinmu. A can kowane yaron da ya shiga sai an faɗi yadda ya fita: ya warke, ya rasu, ko uwarsa ta daina kawo shi. Akwai ma'auni kuma, masu warkewa su wuce kashi 75 cikin 100, masu rasuwa kada su kai 10, masu ɓacewa kada su kai 15. In masu ɓacewa suka yi yawa, ba zagin uwaye ake yi ba, tambaya ake: nisa ne, ranar kasuwa ce, ko damina ce ta tsare su a gona? Wannan tunanin ne na tarar a kilinikin nan, kuma shi ne karo na farko da na gan shi a wurin da ake biyan kuɗi.

Allon da suke liƙa lissafin nasu yana kusa da wurin biya. Kowane wata da layinsa: waɗanda aka yi wa aiki, waɗanda ɗinkinsu ya kamu, waɗanda aka ƙara wa jini, waɗanda suka dawo aka sake kwantar da su, waɗanda suka rasu, da waɗanda aka kira ba a samu ba. Liƙa irin wannan yana son ƙarfin hali. Wani likitan tiyata a Boston, Ernest Codman, ya buɗe asibitinsa a 1911 don kawai ya riƙa bin kowane majinyaci har shekara guda, ya kuma buga rahoton mutum 337 da ya sallama, ya lissafa kuskure 123 a ciki da hannunsa. Abokan aikinsa suka juya masa baya. Yau shekara ɗari da ɗoriya, har yanzu likitan da zai rubuta abin da ya lalace a hannunsa ya rataye a bango ba shi da yawa.

To amma na tsaya gaban allon na karanta shi da idon majo, kuma yana da ramuka.

Babba shi ne gidan mutuwa. Fari fat yake, wata bayan wata, kuma mai wucewa zai ce wannan wuri ba a mutuwa. Dalilin a fili yake. Kilinikin ba ya karɓar matar da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye aka kawo ta a amalanke, ba ya karɓar mai jijjiga, kuma in jini ya ɓalle wa tasu suna sa ta a mota su tura babban asibiti. Turawar daidai ce, ni ma haka zan yi, don ba su da ma'ajiyar jini. Amma in ta rasu a can, a rajistar wasu take shiga. Kamar ɗan kasuwar da ya zaɓe tumatir masu kyau ya tura wa maƙwabcinsa ruɓaɓɓun ne, sannan ya ce a zo a gwada tebur da tebur. Duk wanda ya ɗauki allon nan ya ce kilinikin ya fi asibitin gwamnati ya zalunci mutanen da ke karɓar duk abin da aka kawo musu dare da rana. Allon yana bukatar gidan waɗanda aka tura, da abin da ya same su a can. Na faɗa wa likitan haka a gaban idonsa. Ya ce, «Hajiya, gaskiyarki», ya rubuta a ƴar takarda.

Na biyu, waɗanda ba a samu ba. Na yaba da suka ware musu gida ba su zuba su cikin masu lafiya ba, amma gidan ba ƙarami ba ne, kuma na san su wane ne a ciki. Matan ƙauye ne da suka koma wankan gida inda babu rezo, da waɗanda lambar miji aka rubuta musu. Miji yana kasuwar Dole ko yana kan hanyar Agadas, a kira shi ya ce lafiya lau, alhali rabonsa da ganin ɗinkin tun ranar suna, in ma ya taɓa gani. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne suka fi wuyar samu, saboda haka lissafin ɗinkin da ya kamu ya fi abin da ke bango, ko ba a faɗa ba.

Sannan babu jariri a allon ko kaɗan. An ƙirga uwa an bar ɗan da aka yi aikin dominsa. Ga shi da Faransanci aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe, a garin da yawancin matan da ke zaune kan bencin nan ba za su karanta ba. Kuma suna son fitar da kashi cikin ɗari kowane wata, alhali aikin da suke yi a wata bai taka kara ya karya ba: mace ɗaya ta samu matsala sai adadin ya yi tsalle, wata mai zuwa ya faɗo, ba tare da wani abu ya canza ba. Su haɗa na wata shida ko shekara ya fi faɗin gaskiya.

Wani ƙanen maigidana da ya zo barka ya ga allon ya ce shi bai ga amfanin ƙirga mutuwa ba, wanda kwanansa ya ƙare ya ƙare. Ban ja da shi a kan kwana ba. Na dai ba shi labarin abin da aka yi a asibitoci 46 na Senegal da Mali, inda aka koya wa ma'aikatan rabinsu su riƙa zama duk lokacin da mace ta rasu wurin haihuwa su bi abin daki-daki, ina aka makara, me aka rasa, wa ya kamata a kira. Da sakamakon ya fito a 2013, mutuwar mata ta ragu da kimanin kashi 15 cikin 100 a inda ake zaman in an gwada da sauran. A nan Nijar ma, da aka bi lissafin zubar jini bayan haihuwa daga 2015 zuwa 2020, bayan an raba wa asibitoci ƙwayar misoprostol mai tsuke mahaifa da balan-balan ɗin tsayar da jini a mahaifa da rigar matse jiki, mutuwar da jini ke jawowa ta ragu da fiye da rabi. Ya yi shiru, ya ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da cin dabino.

Su ma a kilinikin suna irin wannan zama, in ji sashfam, ƙarshen kowane wata, da katunan a gabansu. Daga nan ne suka matso da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta koma kafin a sa wuƙa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi, minti 30 zuwa 60 kafin yanka, maimakon bayan an yanke cibiya yadda aka koya mana a da. Na duba katin yarinyarmu, lokacin allurar yana gaban lokacin yanka.

Kuɗi kuwa suna da tsada, kuma abin da ya fi tsadar ciwo shi ne ba a faɗa maka jimla tun farko. An faɗi kuɗin aiki, muka shirya, sai ga ordonas, takardar sayen magani, wata na bin wata, ga kuɗin ɗaki daban, ga na awon jini daban. Mutanen da suka iya liƙa ɗinkin da ya lalace a bango ban ga abin da zai hana su liƙa farashi ba. Farmasinsu ma ya fi na waje tsada, kuma ba wanda zai gaya maka kana iya fita ka saya sai ka tambaya. Ranar awo ana jira sosai, don likita ɗaya ne, in ya shiga ɗakin aiki sai dai ku yi ta hira.

Ga macen da aka sa wa ranar aiki tun da wuri, cikinta ba shi da wata babbar matsala, kuma gidan na da halin biya ba tare da an sayar da akuyar kowa ba, ina ba da shawarar wurin, saboda ma'aikatan dare da kiran wayar nan. Mai hawan jini sosai, ko mai zubar jini, ko wadda naƙuda ta riga ta yi tsawo, ta wuce kai tsaye babban asibiti inda akwai jini da likitoci da yawa, kada ta ɓata lokaci a hanya. In kun je, ku nemi a rubuta muku jimlar kuɗi kafin a kwantar da ita, ku tanadi mai ba da jini tun kafin ranar, mai jinya ta zo da gidan sauronta da jarkar ruwa. Wurin ba da lamba kuma a ba da ta mai jegon, in ba ta da waya a ba da ta matar da za ta kwana ɗaki ɗaya da ita, a ƙara ta biyu ta wata maƙwabciya.